Rigar Mai Kujeru

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen wurin aikinki. Yaya gwiwar nan taki? Mu nan da sauƙi. Yara suna makaranta, ƙaramar tana famfara, kowa ta gani sai ta yi masa dariya da giɓi.

Na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ke, kuma ba zan yi musu ba. Zumuncin namu ma sai an zauna an warware shi, kakanki da kakan Baba ne wa da ƙane. Amma tun muna yara, in mai karanta labarai ya fito a talabijin, Baba yakan nuna shi ya ce, "Kun ga kwalar rigar nan yadda ta tsaya? Aikin Gwaggonku ne." Da na ji kin koma situdiyon da ake ɗaukar wa 'yan kasuwa bidiyon talla, kuma ke ce mai zaɓa musu abin da za su sa, na ce babu wanda zan kai wa kukana sai ke. Na kira ki kin ce kunnenki ba ya jituwa da waya, in ina da magana in rubuto. To ga shi na rubuto, direban motar kaya mai zuwa wajenku zai kawo miki.

Kin san ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya kama baban yara bara. Allah ya sa magana ta dawo, yana tafiya da sanda, amma hannun dama har yanzu a sake yake. Shagonsa na gyaran kujeru bidiyo ne ya raya shi. Zai ɗauko kujerar da ta lotsa, ya yage tsohon yadin a gaban kyamara, ya nuna wa mutane ruɓaɓɓen soson ciki yana zolayar mai kujerar, sannan ya mai da ita sabuwa. Ta haka ofisoshi da masu otal suka san shi. Tun da ya kwanta ba a sake fitar da ko ɗaya ba. Ma'aikatansa biyu, mai ɗinki da mai katako, suna nan suna aiki yana zaune yana nuna musu, amma mutane sun ɗauka an rufe. Rannan wata ta tare ni a hanya tana yi min jajen shagon.

Ƙanensa ya ce a ba shi shagon ya riƙe, shi zai riƙa fitowa a bidiyo, Yaya ya huta a gida. Ba mugu ba ne, tausayi ne ya yi masa yawa. Baban yara ya ce in watan nan ya ƙare bai yi bidiyon da zai iya kallo ba, zai miƙa masa makulli. Gwaggo, in ya miƙa makullin nan ɗaki zai shige, kuma na san halin mijina, ba zai sake fitowa ba.

Mun gwada sau ɗaya. Na sa masa farar babbar rigarsa mai faɗin hannu, na sa aka zuba mata sitati sosai, don ta rufe hannun. Da mai kyamara ya nuna masa, ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Wannan ai mai karɓar gaisuwar mutuwa ne." Bai sake maganar ba. Na tura bidiyon zuwa wayar mai fitilun situdiyonku, shi da kika ce a riƙa ba shi saƙo, na haɗa da tsofaffin. Don Allah ki duba ki gaya min abin da zai sa.

'Yarki, matar Mai Kujeru.

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗi. Gwiwa tana nan tana mulkinta, in za a yi ruwa ita ke fara sanar da ni. Ki gai da mai giɓi. Zancen sai da buƙata kuma ki bar shi, ni ma ban taka na zo duba surukina ba, gaisuwa kawai na aiko.

Na kalli tsofaffin bidiyon mijinki, har mai fitilu ya karɓe wayarsa don na hana shi aiki. Mutumin nan gwani ne. Manyan 'yan kasuwa suna zuwa nan, a rubuta musu abin da za su faɗa a manna a bango, su yi ta gumi suna karantawa. Shi kuwa yana cire ƙusa yana hira, ka rantse a shagon kake zaune. Wanda ya yi wa kujerar mai aski, har da cewa ta ji gulmar unguwa ta isheta shi ya sa ta karkace, na yi dariya har na ƙware.

Sannan na kalli sabon. 'Yata, kin tara kurakurai kamar an aike ki kasuwar su. Farar riga a ƙarƙashin fitila tana shanye haske, kyamara ta rage ido don ta iya da ita, sai fuskar mutum ta yi duhu. Sitatin da kika sa, duk motsin da ya yi makirufo yana ɗauka, ƙaram-ƙaram, kamar ana murza leda. Kuma mai gyaran kujera a cikin babbar riga, wa zai yarda ya taɓa riƙe guduma? Tun da kin tambaya bari in ƙara miki na gaba. Ban da yadi mai siraran ratsi, a kyamara rawa yake yi har ya sa mai kallo jiri. Ban da baƙi ƙirin, mutum yakan koma kai da hannuwa kawai. Ban da agogo mai walƙiya ko wani abu mai kacau-kacau. Ban da riga mai rubutun wani kamfani, sai ka yi wa wani talla kyauta. Kore kuma sai an san bangon da za a tsaya. Wani mai sayar da taya ya taɓa zuwa mana da koriyar kwat, ya ƙi jin maganata, aka tsayar da shi gaban koren ƙyallen da ake canza bayan hoto da shi. Da aka haɗa aikin sai ga kai yana yawo a sama yana yabon taya.

Amma duk wannan ƙananan abubuwa ne. Mutumin da ke cikin tsofaffin bidiyon nan ba ya cikin sabon. Da ina wurin ranar, da ban bari an kunna kyamara a kansa ba. Kada ki sake tsayar da shi gabanta sai na ce.

Ina da tambaya. Wa ke sa masa riga da safe? Wa ke ɓalla masa maɓalli? A farkon bidiyon, kafin ya fara magana, na ga hannun mace ya shigo ya gyara masa wuyan riga, na ga ya kawar da kai.

Ki aiko min da rigar da ya fi sawa a shago kafin ciwon, komai tsufanta. Ki auna faɗin kafaɗarsa na yanzu da ƙirjinsa da tsawon hannu zuwa gwiwar hannu, na ga ya rame.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mu ma lafiya.

Na karanta takardarki. Hannun macen da kika gani nawa ne. Ni ke sa masa riga, ni ke ɓalla maɓalli, ni na yi masa wanka wata da watanni lokacin da ba ya iya ɗaga kai daga matashi. Wa kike so ya yi, mai katako? Na ɗauka in kowa ya ga laifina ke ba za ki gani ba.

Kin ce mutumin da ke tsofaffin bidiyon ba ya nan. Na sani, Gwaggo, da shi nake kwana da shi nake tashi. Ba sai an rubuto min daga nesa an gaya min mijina bai isa a nuna wa jama'a ba. Ƙanensa ma abin da yake nufi ke nan, sai dai shi yana lulluɓe maganar. Na zo miki neman riga ne, kin ba ni jerin abin da ba a sawa, kin ɗora da cewa a ɓoye mutumin gaba ɗaya. Ban nuna masa takardar ba. Ya tambaye ni ko Gwaggo ta amsa, na ce direba bai dawo ba. Ban saba yi masa ƙarya ba, kin sa na yi.

Ga rigar da kika ce, ruwan toka ce mai tabon gam a ciki, na sa a leda. Ga awon a bayan takardar nan. Na aiko ne don Baba ya hore mu kada babba ya nemi abu a hannunmu mu hana, ba don na san amfanin da za su yi ba.

'Yarki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma tambayar lafiyarki da gaske, don hankalina ya ƙi kwanciya. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu wofi. Na tambaye shi ko ya gan ki, ya ce ya gan ki da hannun dama ɗaure a jikinki, kika karɓi ledar da hagu, ba ki ce masa komai ba. Faɗuwa kika yi? Na kira mai fitilu, ya ce an hana shi magana, ya kashe.

Na sake karanta takardarki a natse, ina jiran ruwa ya tafasa. Sai yanzu na ga kin rubuta "sai na ce". Ranar farko idona bai kai nan ba, ya tsaya a kan abin da nake tsoro. Na yi miki rashin kunya, ki yafe min. In fushi kike yi ki zage ni a takarda, ya fi min shirun nan.

Wata ya kusa ƙarewa. Ƙanensa ya ɗinko sabuwar kwat, ya yi magana da mai kyamara ya sa rana, ya ce in Yaya bai shirya ba shi zai tsaya don kada a yi asarar zuwan mutumin. Baban yara ya daina zolayar ma'aikata. Jiya na shiga shago na same shi yana nuna wa mai ɗinki inda yake ajiye komai, har almakashinsa da ba ya bari kowa ya taɓa. Na fita bayan shago na yi kukana na dawo.

'Yarki mai neman afuwa.

*

Zuwa ga 'yata mai saurin hawa,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ban faɗi ba, ban karye ba. Fushi kuwa na yi na yini ɗaya, na ci abinci ya wuce. Halin babanki kika ɗauko, shi ma haka yake karanta rabin magana ya tashi tsaye. Ni kuma alƙalamina ba shi da ladabi, an daɗe ana gaya min. Abin da nake nufi, kun lulluɓe mutum ne har ya ɓace, ba wai ciwo ya cinye shi ba. Kuma ban ga laifinki ba. Macen da ta ɗauki namiji daga shimfiɗa ta tsayar da shi da ƙafafunsa, ni ban isa in yi mata gyara a kan kula da miji ba. A kan riga kawai na fi ki.

Hannun da direba ya gani ni na ɗaure abina. Na ce ba zan ɗinka wa mai hannu ɗaya riga ba sai na san abin da yake sha. Na naɗe damata da ɗankwali a jikina, na ɗauki rigar mijinki na ce bari in sa. 'Yata, maɓalli mugun abu ne. Na yi ta fama da na farko har na yi gumi, na zagi wanda ya ƙirƙiro shi. Na gwada zif, sai an riƙe ƙasansa. Na gwada maɗaurin nan mai mannewa irin na takalmin yara, yana da sauƙi, amma makirufo yana jin ƙararsa tun daga ƙofa. Riga mai shiga ta kai kuma ta maƙale min a kafaɗa, sai da mai share situdiyo ta zo ta cece ni tana dariya. Da ta zare min ita na ji kunya da haushi sun taso min lokaci ɗaya, alhali ni wasa nake yi. Nan na gane dalilin da ya sa ya kawar da kai. Ba ke yake ƙi ba. A gaban ma'aikatansa da mai kyamara aka gyara masa wuya.

Sai na tuna dabararmu ta gidan talabijin. Mai karanta labarai yakan canza riga tsakanin shiri da shiri, babu lokacin ɓalle-ɓalle. Sai mu ɗinka maɓallan ado a sama, a ƙarƙashi mu jera na ƙarfe masu dannawa, da yatsa biyu sun kama. Mai kallo ba zai taɓa sani ba. Haka na yi masa. Neman masu laushin dannawa ne ya ɗau lokaci, don na kasuwa sai ka haɗa da haƙori.

Ga riguna biyu iri ɗaya a cikin kwalin. In aiki ya tsallaka wata rana, ko gumi ya ɓata ɗaya, a sa ɗayar, kada a ga mutum ya fara magana da riga ɗaya ya ƙare da wata. Shuɗi ne mai ɗan duhu, yadi mai kauri marar sheƙi. Na sa mai fitilu ya sa ta ya tsaya gaban katako, muka kunna fitilu muka duba, ta fito da fuska sosai, shi ma da ba kyau gare shi ba ya yi kyau. Ɗinkin irin na tsohuwar rigarsa ne, don jikinsa ya gane ta. Na faɗaɗa hammatar dama, ya fara zura hannun mai ciwo sannan mai lafiya. Aljihu na mai da shi ɓangaren dama inda hagu za ta kai. Akwai ɗan maɗauki a ciki kusa da maɓalli na biyu, nan za a maƙala makirufo. Kada a sa sitati, guga kawai.

Za ki ga hannun rigar iya gwiwar hannu ya tsaya, duka biyun. Da gangan ne. In kika rufe hannu da yadi, mai kallo zai bar kujera ya koma neman hannun. In yana fili, zai kalla sau ɗaya ya wuce.

Yanzu ga naki aikin, kuma ya fi nawa wuya. Ranar ɗauka ki shimfiɗa rigar a gado, ki gaya masa yadda take, ki fita ki ja ƙofa. Ko ya daɗe kada ki leƙa. Duk yadda ya fito, haka za a tafi. Kada ki taɓa wuya, kada ki taɓa kafaɗa, kada ki cire masa ko zare. In hannunki ya yi miki ƙaiƙayi ki riƙe jakarki da hannu biyu.

Yanzu na ce. A kunna kyamara.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da godiyar da takarda ba za ta ɗauka ba. Muna lafiya, ina fatan kin kwance hannunki kin huta. Na karanta wa baban yara takardarki duka, har wurin da rigar ta maƙale miki. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba, sannan ya ce, "Tsohuwar nan ta ɗaure hannunta saboda ni?" Ni dai ban taɓa ganin mai aiki irinki ba.

Bari in ba ki labari tiryan-tiryan. Da safe na yi yadda kika ce. Na fita na shiga kicin na kama wanke kwanukan da na riga na wanke. Na daɗe ban ji komai ba, har na ce ko ya zauna ne ya fasa. Can sai na ji ƙas. Shiru. Sai wani ƙas. Ina tsaye da kumfa a hannu ina addu'a kamar mai jiran haihuwa.

Ya fito yana dogara sanda. Rigar ta zauna masa, ya koma mai shagon da na sani. Amma Gwaggo, ya tsallake maɓalli ɗaya tun daga sama. Kwala ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ƙasan rigar ɓangare guda ya zarce. Ya dube ni yana jiran abin da zan ce. Hannuna har ya tashi da kansa, na mai da shi na damƙe jaka. Na ce, "Mu tafi, kada mu makara."

A shago mun tarar da ƙanensa cikin sabuwar kwat, mai kyamara ya kafa fitilunsa. Ma'aikata sun ajiye wata tsohuwar kujerar ofis a tsakiya, wadda soso ke leƙowa ta gefenta. Mai kyamara yana maƙala makirufo ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Uwar gida, rigar Oga ta karkace, ko za ki ɗan gyara masa?" Na ce a bar ta. Ya dube ni kamar marar tausayi, ya koma bayan kyamararsa.

Aka fara. Ya yi sallama, ya dafa kujerar, ya fara magana. Sai idonsa ya faɗa kan ƙaramin allon kyamarar da aka juyo wajensa, ya ga kansa. Ya tsaya. Shagon ya yi tsit, har ina jin injin walda na maƙwabta. Ƙanensa ya gyara kwat ya taka ƙafa ɗaya gaba. Na ce a raina shi ke nan, na kashe mijina da biyayya ga Gwaggo. Mai kyamara ya kai hannu zai kashe.

Baban yara ya ce, "Kada ka kashe."

Ya jingina sandar da kujera, ya sa hagu ya ja gaban rigar, maɓallan suka buɗe gaba ɗaya. Ya kama daga ƙasa yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, yana kallon kyamara yana cewa, "Jama'a, kun daɗe ba ku gan ni ba. Ciwo na yi. Hannun dama ya tafi hutu bai ce ga ranar dawowa ba. Rigar nan ni na sa da kaina yau, kun ga ta karkace. To a shagon nan in abu ya karkace ba ma ja masa yadi mu rufe. Warwarewa muke yi mu sake." Ya danna na ƙarshe, ya ce, "Yauwa. Yanzu ku zo ku ga abin da wani manaja ya yi wa baiwar Allah kujerar nan."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ɗauki hannun daman da hagu ya ɗora a kan yadin ya danne da nauyinsa, ya ja da ɗayan ya yage. Kujerar ta so ta zame, sai na ga ƙanensa ya cire kwat ya rataye a ƙusa, ya durƙusa ya riƙe ƙafarta inda kyamara ba ta kaiwa. Haka ya zauna a durƙushe har aka gama, ƙurar tsohon soso ta cika masa kai.

Yanzu gardama ta tashi. Mai kyamara ya ce zai yanke wurin gyaran rigar, wai ba a saka irin wannan a bidiyon kasuwanci, kuma an ga singileti. Baban yara ya ce ba za a taɓa komai ba sai an tambayi wadda ta ɗinka rigar. Na tura wa mai fitilu yadda aka ɗauka. Muna jiran hukuncinki, kuma wannan karon zan karanta har ƙarshe.

'Yarki.

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, hannu ya koma bakin aikinsa, gwiwa ce dai ba ta tuba ba.

Na kalla. Tun da na fara aikin nan ban taɓa barin karkatacciyar riga ta wuce gabana ta shiga hoto ba. Na taɓa tsayar da shiri ana daf da farawa saboda kwala. Ki gaya wa mai kyamararku in ya yanke wurin nan, ni da shi ne. Nan ne tallar take. Duk wanda ya ga mutumin nan ya warware rigarsa ya sake, zai ba shi kujerarsa hankali kwance. Mai fitilu ya kalla tare da ni ya yi ta goge ido, wai haske ne ya yi masa yawa, shi da ya tsufa a cikin haske.

Surukina namiji ne, ki gaya masa na faɗa. Ƙanensa ma ɗan halak ne. Amma wadda ta fi burge ni ba ta fito a hoton ba. Na san abin da ake ji in an ga riga a karkace hannu yana kusa, ni ko a kan baƙo a cikin mota ba na iya daurewa. Ke kika daure a kan mijinki. Ni ban tabbata zan iya ba.

Gyara ɗaya ne. Singiletin nan wuyansa ya saki, ki saya masa sabo.

Gwaggonki.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Surukinki ne, mai kujeru. Ina gaishe ki da girmamawa. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, layin yana gangara ba da izinina ba. 'Yarki ta ce ta rubuta min na ce a'a.

Bidiyo ya fita yadda kika ce. Mutane suna ta kira, wasu kujera, wasu gaisuwa kawai. Wani ya ce babansa ma haka hannunsa yake, yana tambayar wa ya ɗinka min riga. Na ce sai na nemi izini.

Makulli yana wurina. Ƙanena zai riƙa zuwa yana kama mana aiki, mun yi magana mun fahimci juna.

Na gode, Gwaggo. Ban san yadda ake gode wa wanda ya ɗaure hannunsa don wani ba.

Ina da roƙo. Za mu ɗauki wani bidiyon wata mai zuwa, ina son riga ta uku, launin da kika ga ya dace. Mai gasa min hannu a asibiti ya ce babban yatsan dama ya fara motsi. Kaɗan ne, ni da shi kawai muke gani, ban ma gaya wa 'yarki ba tukuna. Ki yi masu dannawa kamar waɗancan, amma na ƙasa, inda kyamara ba ta gani, ki bar min maɓalli ɗaya na gaske. Ina so in riƙa gwada shi da dama kowace safiya.

Surukinki.